Na biya bashina, amma an ce har yanzu ana bina

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sayen albasa a hannun manoma ina lodawa zuwa Duwala. Shekara biyu da suka wuce na karɓi rancen sefa 900,000 a wani ƙaramin banki na mikrofinans, na biya cikin wata goma. Wani biyan ni nake kaiwa ofis da ƙafata, wani kuma in ba yaronsu da ke zagaya kasuwa yana karɓar kuɗi, ya buga mini hatimi a ɗan littafina. Bana na je wani babban banki neman jari kafin kakar albasa, suka ce ba za su ba ni ba, wai kwamfuta ta nuna ana bina 185,000 tun wancan rancen. Na koma wurin na farko, aka ce manajan da na sani an yi masa canjin wurin aiki, yaron kuma ya bar su. Wani ya ce in ba shi 50,000, ya san wanda zai goge sunana. Yayana kuma ya ce in biya kuɗin kawai in huta, kada magana ta fita in ji kunya a kasuwa. Baba, wallahi na biya. Yaya zan yi?

Ɗanka, daga Garwa.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma inda ya fi taɓa ni shi ne inda ka ce wallahi ka biya. Na yarda da kai. Sai dai rantsuwa tana cin kasuwarta ne a gaban wanda ya san mahaifinka, ya san yadda kake mu'amala da mutane. Abin da ya tare maka hanya yanzu layi ɗaya ne a cikin rumbun bayanai, shi kuwa ba ya jin wallahi. Da takarda aka shigar da kai, da takarda za ka fita. Saboda haka ka ɗan danne zuciyarka, mu bi abin daki-daki.

Mai neman 50,000 ɗin nan, kada ka ba shi ko dala. In ka san yadda abin yake tafiya za ka gane da kanka cewa iska yake sayar maka. Ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin yankin tsakiyar Afirka, wato Kamaru, Cadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, babban bankinsu ɗaya ne, BEAC, mai hedikwata a Yawunde. Wannan bankin yana da rumbu da ake kira Centrale des risques, inda bankuna ke aika bayanin waɗanda suka ba rance da abin da ya saura a kansu. Su ma ƙananan bankunan mikrofinans na Kamaru suna da nasu rumbun, CREMF, a ƙarƙashin kwamitin tattalin arziki da kuɗi na ƙasa, CNEF. Babu wanda ke zaune a Yawunde yana ƙirƙiro wa mutane bashi. Abin da mai ba da rance ya aika shi ake ajiyewa, shi kuma sauran bankuna ke dubawa kafin su ba mutum kuɗi. Kenan muddin littafin wancan ƙaramin bankin yana nuna 185,000 a kanka, ko da a ce wani ya iya goge sunanka yau, in lokacin aika bayani ya zagayo sunan zai dawo. Ga asarar 50,000, ga shi ka sa hannunka cikin cin hanci, ka ba wani makamin da zai riƙa tatsarka da shi. Gyara daga wurin wanda ya aika kuskuren yake fitowa.

Yayanka kuwa ƙauna ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa, ka gode masa. Amma ban goyi bayansa ba. In ka ɗauki 185,000 ka miƙa ba tare da ka ga lissafi ba, ka amsa da hannunka cewa da ma ana binka, kuma ka yi shekara guda ko fiye kana taurin bashi. Za a rubuta an biya, amma tabon jinkirin yana iya zama a tarihinka. Mai yiwuwa ma bashin ba naka ba ne sam, zan zo kan wannan. Idan bincike ya nuna akwai ragowar gaskiya a kanka, sai ka biya cikin mutunci, ba wanda zai ce maka don me. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya sayi shiru da guminsa a kan laifin da bai yi ba.

Yau da daddare, kafin ka je ko'ina, ka sauko da akwatin da kake ajiye takardu. Ka nemo yarjejeniyar rancen da ka sa wa hannu, da jadawalin biya in sun ba ka, da ɗan littafin nan mai hatimi, da duk wani rasit. Ka shimfiɗa su a tabarma, ka jera su wata bayan wata. Ina gaya maka haka ne don na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na gama biyan wani rance, na tara rasit ɗina a cikin gwangwanin alewa a saman kabad, ina ganin na yi dabara. Irin siririyar takardar nan ce mai santsi da inji ke tofowa a kanta. Da aka zo neman hujja na buɗe gwangwani, sai na tarar zafin watan Maris da Afrilu ya cinye rubutun tas. Na ɗaga ɗaya a hasken taga ina juyawa, babu abin da ya rage sai inuwar lambobi biyu ko uku. Abin da ya cece ni shi ne wani tsohon kalanda da uwargida ke rubuta kowane biya a bayansa da biro, da shi muka bi ranaku har akawu ya gano su a littafinsu. Tun ran nan ba na barin rasit ya kwana ban yi masa hoto ba. Kai ma gobe da safe ka kai duk abin da ka samu a yi maka kwafi biyu-biyu, ka ɗauki hotonsu da wayarka, musamman kowane shafi na ɗan littafin. Na asali kuma su zauna a gida. Ko wa ya ce ka bar masa littafin zai duba, ka ce ga kwafi. In akwai biyan da ka yi ta Orange Money ko MTN MoMo, ka nemo saƙonnin, domin kowanne yana ɗauke da lambar ciniki da rana da sa'a. In ka goge su, ka je ofishin kamfanin wayar da katin shaidarka ka nemi tarihin asusunka.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne dokar farar hula da kotunanmu ke aiki da ita ta raba nauyi biyu a sashe na 1315. Wanda ya ce yana bin bashi, shi zai kawo hujjar bashin. Wanda ya ce ya biya, shi zai kawo hujjar biya. Su suna da yarjejeniyar da ka sa wa hannu, sun sauke nasu. Saura kai. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu ne muka mayar da neman takarda kamar rashin yarda da mutum, har kunya take hana mu cewa a rubuta mana.

Maganar yaron da ya bar aiki kada ta karya maka gwiwa. Idan ma'aikacinsu ne, su suka turo shi kasuwa, da littafinsu da hatiminsu, to kuɗin da ka ba shi a kan aikinsa su ka ba. In ya karɓa bai kai ba, tsakaninsu ne da shi. Dokar da na ambata, a sashe na 1384, ta ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi. Amma ka ji tsoron Allah a bakinka, kada ka fara yawo a kasuwa kana cewa wane ya ci kuɗinka. Ba ka sani ba tukuna. Sau da yawa kuɗin ya shiga, akawu ne ya zuba shi a asusun ajiyarka maimakon asusun rance, ko a asusun wani mai irin sunanka.

Da kwafinka a hannu, ka fara da bankin da ya hana ka rance. Ba faɗa za ka je yi ba, su abin da suka gani suka faɗa. Ka roƙi wanda ke riƙe da takardunka ya bayyana maka abin da ya fito: wane gida ne ya aika bayanin, nawa ne daidai, tun wace rana, da wace lambar katin shaida, da wace ranar haihuwa, kuma a matsayin wanda ya ci bashi aka sa ka ko wanda ya tsaya wa wani. In za su ba ka a rubuce, madalla. In ba su ba ka ba, ka rubuta da hannunka a gabansa.

Lambar kati da ranar haihuwar nan su ne zuciyar maganar, kada ka raina su. Ka dubi yadda muke a arewa. Layi guda a kasuwa za ka samu Muhammadu biyar, Umaru huɗu, Hamadu uku, sunan uba ma sau da yawa ɗaya. A rubutun Faransanci kuma suna ɗaya yana fitowa da fuska uku, yau Mohamadou, gobe Mouhamadou, jibi Mohammadou, gwargwadon kunnen wanda ya rubuta. Sannan da yawanmu ba a yi mana takardar haihuwa a kan lokaci ba, aka kintata shekara aka rubuta, ko aka liƙa mana 1 ga Janairu. Mutum biyu, suna ɗaya, gari ɗaya, ranar haihuwa ɗaya a takarda, sai a ɗora wa wannan kayan wancan. In ka sabunta katinka tsakanin wancan rance da yanzu, ka tafi da kwafin tsoho da sabo.

Idan kuma aka ce maka ai tsaya wa wani ka yi, ka tuna da kyau ko akwai aboki ko ɗan'uwa da ya taɓa cewa ka raka shi banki ka ɗan sa masa hannu. Mutanenmu da yawa sun ɗauka shaida suka yi, ashe wuyansu suka ba da. Amma a nan ma doka ba ta bar mutum a banza ba. Dokar jingina da lamuni ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, wadda Kamaru da Cadi duk suke bi, ta ce tsayawa ba ta tabbata sai a rubuce, da sa hannu, kuma mai tsayawa ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da lambobi da kalmomi. Wanda bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da yake shiga. Sai ka ce su nuna maka wannan takardar.

Daga nan sai gidan da ya ba ka rancen farko, kuma wannan karon ba da baki ba. Kuskuren da ka yi a zuwanka na baya shi ne ka tafi neman mutum, aka ce ba ya nan, ka juyo. Manaja yana tafiya, gidan yana nan, littattafansa suna nan. Ka samu wanda ya iya Faransanci sosai ya rubuta maka wasiƙa gajeriya zuwa ga shugaban reshen, kwafi zuwa hedikwatarsu. A sa sunanka kamar yadda yake a kati, lambar asusunka, ranar da ka karɓi rancen da adadinsa. A ce ka biya duka, ga kwafin hujjoji a haɗe, kuma ba ka yarda da 185,000 da aka aika da sunanka ba. Sai ka nemi su ba ka cikakken tarihin asusun rancen tun ranar farko, su gyara bayanin da suka aika, su kuma ba ka takardar shaidar cewa ba sa binka komai, wadda ake kira attestation de non-redevance. Babu zagi, babu barazana, babu dogon labarin wahalar da ka sha. Ka tafi da wasiƙar guda biyu, su karɓi ɗaya, su buga maka hatimi da kwanan wata da sa hannu a ɗayar. Wannan hatimin suke kira décharge, kuma kada ka bar ƙofar sai da shi. In suka ƙi bugawa, akwai ma'aikacin shari'a da ake kira huissier, aikinsa kenan ya kai takarda ya rubuta cewa ya kai. Za ka biya shi, amma ka tambayi kuɗinsa tun kafin ya fara.

Kada ka shiga kana jin alfarma ka zo roƙo. A ranar 3 ga Yuli 2020 CEMAC ta fitar da ƙa'idar kare masu hulɗa da bankuna, kuma ta haɗa har da mikrofinans. Ta wajabta musu su kasance da tsarin karɓar ƙorafin abokan cinikinsu, su duba, su ba da amsa. Kamaru kuma tana da dokar kare mai saye tun 6 ga Mayu 2011, ga ta kare bayanan mutane ta 23 ga Disamba 2024, wadda ta ba mutum haƙƙin ya ga abin da aka ajiye a kansa ya kuma nemi a gyara in ba daidai ba ne. Ba sai ka haddace su ba. Mai rubuta maka wasiƙa ya ambaci ta 2020 ɗin a layi ɗaya ya isa su gane ka san inda ka dosa.

Ranar da suka ba ka tarihin asusun, kada ka karanta shi a tsaye a kanta, mutane na turo ka ta baya. Ka kai shi gida, ka zauna da wani mai kan lissafi, ɗaya yana karanta ɗan littafinka, ɗaya yana bin takardar banki da yatsa. Duk biyan da ya fito a wuri biyun a yi masa alama. Wanda yake a littafinka amma babu shi a tasu, a zagaye shi da jan biro. In jan biron ya taru ya kai 185,000 ko kusa da haka, ka kama bakin zaren, sai ka mayar musu da ranakun da adadinsu. In kuwa duk biyanka ya shiga amma saura yana nan, ka dubi ƙananan layukan. Wani lokaci mutum ya makara da kwana biyar a wani wata, aka ɗora tara bai sani ba, ya gama biyan uwar kuɗi ya tafi abinsa, ɗan guntun nan ya zauna yana haihuwa har ya girma. In haka ne, ka tambaye su inda yarjejeniya ta yarda da wannan tara, ka tambaye su ko sun taɓa aiko maka takardar tunatarwa. In ba su da amsa mai kyau kana da bakin neman su yafe tarar ko su rage. Abin da ya tabbata a kanka ka biya a ofis, a ba ka rasit, a ba ka takardar sallama, wato ta shaidar ba sa binka komai, a ranar.

Akwai abin da ya sa ba na son ka yi sakaci. Dokar 24 ga Disamba 2019 kan harkar rance a bankuna da mikrofinans ta tanadi hana mutum karɓar rance in bai biya ba, kuma wanda aka tabbatar da gangan ya ƙi biya yana iya fuskantar ɗauri daga wata 6 zuwa shekara 5, ko tara, ko duka. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, kai ba ka cikin wannan sahu. Amma ka ga amfanin wasiƙarka mai hatimi: ita ce shaidar cewa kai ka fara zuwa, ba guduwa ka yi ba. Dokar kuma ta ce sai an sanar da mutum a rubuce kafin a kai ga hana shi rance, don haka ka tambaye su wace takarda suka aiko maka, wa ya karɓa, yaushe.

In makonni suka shuɗe babu amsa, ko suka amsa da abin da bai gamsar ba, sai ka hau sama. Ka rubuta wa CNEF, wanda sakatariyarsa take a ofishin BEAC na ƙasa a Yawunde, ka haɗa da kwafin duk abin da ya gudana. BEAC tana da reshe a nan Garwa, kana iya zuwa ka tambayi yadda ake isar da irin wannan ƙorafi. Can sama kuma akwai COBAC, hukumar da aka kafa a 1990, mai sa ido a kan bankuna da mikrofinans na yankin duka, kuma babu gidan kuɗin da ke son sunansa ya riƙa zuwa gabanta a kan sakaci. Kotu ita ce ta ƙarshe. In ta kai ga haka ka nemi lauya, domin wanda aka ɓata wa suna da bayanin ƙarya har ya yi asarar ciniki yana iya neman diyya. A ganina da wuya ta kai can in hujjojinka sun cika. Yawanci da sun ga mutum da takardu a jere, da kwanan wata, sai murya ta sauya.

Ka sani ko sun yarda sun yi kuskure, gyaran ba ya bayyana a rumbu a ranar, sai sun sake aika bayani. Shi ya sa takardar sallamar nan take da daraja. Ka kai ta bankin da ya hana ka, ka ce su sa ta cikin takardunka su sake dubawa. Bayan wata ɗaya ko biyu ka koma ka tabbatar sunan ya wanku da gaske, kada ka tsaya a kan an ce an gyara.

Saura kunyar da yayanka ke tsoro. Ɗana, babu wanda zai ji wannan magana a kasuwa sai in kai ka kai ta. Doka ta ɗora wa ma'aikatan banki riƙe sirrin abokin ciniki. Ka zaunar da yayanka, ka nuna masa ɗan littafin da hatiminsa, ka roƙe shi ya raka ka ranar kai wasiƙa. Babba a gefenka yana sa a saurare ka, shi ma hankalinsa zai kwanta in ya ga da idonsa ba rigima ka je yi ba.

Na san abin da ke cin ranka shi ne albasa ba ta jiran takarda. Mai yiwuwa kakar bana ta same ka ba ka gama wannan ba. Kada hakan ya tura ka wurin masu ba da kuɗi da ruwa a bayan fage, waɗanda za su karɓe takardar filinka. Ka yi lodi gwargwadon jarin da ke hannunka, ko ka haɗa mota da wani amintacce ku raba kuɗin hanya zuwa Duwala, ko ka nemi manoman da kuka saba su ba ka wani kaso sai ka dawo. In za ku yi hakan, ku rubuta: buhu nawa, a kan nawa, za a biya yaushe, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

In tarihin asusun ya fito, ka sake rubuto mini ka gaya mini abin da jan biron ya zagaye, mu ga mataki na gaba. Ka gaishe mini da yayanka. Allah ya warware maka, ya sa albarka a kasuwa.